Shawarar da ta kusa kayar da hantar Auta: daga kemis har gadon asibiti a Birnin Kebbi

Ni malamin firamare ne a wani gari kusa da Argungu, kuma kamar kowa a yankinmu ina taɓa noman shinkafa a fadama. Abin da zan faɗa labarin ciwon shawara ne da ya kama Autanmu, yana da shekara bakwai, a ƙarshen daminar bara. Ina rubutawa ne saboda a kwanakin nan na yi ta yawo da takardu a hannu ban san wacce ce ta gaba ba, kuma mafi yawan kuskuren da muka yi, da an samu mai zaunar da mu minti biyar, da ba mu yi shi ba.

Ruwan bara bai kai na 2020 ba, wanda ya cinye shinkafar Kabi tun tana gona, amma ya shigo unguwarmu ya kwana uku. Masan gidaje da dama sun cika sun tumbatsa, rijiyar da muke ɗiba kuma bakinta a ƙasa yake. Da ruwa ya janye muka yashe ta, muka riƙa jefa alif a randa, ruwa ya kwanta ya yi garau, muka ci gaba da sha. Ba wanda ya yi gudawa mai tsanani, sai muka ɗauka mun tsira. Kusan wata guda bayan haka Auta ya dawo daga makarantar allo jikinsa da zafi, ya ƙi tuwo, ya ce cikinsa na murɗa masa ta hannun dama. A watan Oktoba, duk yaron da ya yi zazzaɓi a wurinmu maleriya ake cewa, don haka na wuce kemis. Mai kemis bai ga yaron ba, ni ma ban ga dalilin kai shi ba. Ya haɗo mini maganin maleriya, da farasitamol na ruwa, da wani maganin mura, duka naira dubu uku da ɗari biyar. Sai daga baya a asibiti aka karanta mini jikin kwalbar maganin murar, ashe shi ma akwai farasitamol a ciki. Ga kuma uwarsa da ke ɓalla masa rabin ƙwayar manya in jikin ya yi zafi da dare. Ta hanya uku ke nan magani ɗaya yake shiga jikin yaron da ba ya cin abinci, har kwana biyar.

Ranar ta biyar uwarsa ta kira ni bayan ɗaki ta ce, "Malam, zo ka ga fitsarin yaron nan." Ya yi duhu kamar shayin da aka bar ganyensa ya jiƙu. Kashinsa kuwa ya koma fari-fari kamar toka. Washegari da hantsi na ɗaga fatar idonsa a tsakar gida, farin ya rine ya yi ɗorawa. Inna, mahaifiyata, tana gani ta ce, "Wagga shawara ta. Kar ku kai shi asibiti, shawara ba ta son allura." Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan magana, kuma Inna ba da mugun nufi ta faɗa ba, jikanta ne da take ji da shi. Aka aiko da saiwar rawaya da wasu sassaƙe daga wurin wani mai magani, aka jiƙa a ƙwarya, ana ba shi safe da yamma, ana kuma yi masa wanka da shi. Aka hana shi mai da nama, aka sayo rake. Raken dai bai cuce shi ba. Jiƙon kuwa ba wanda ya san adadin abin da ke cikinsa, ni ma da na tsaya ina kallo ana ɗura masa ban sani ba.

Kwana biyu ana haka amai ya ƙaru, sai na ɗauke shi a babur na kai shi ƙaramin asibitin garinmu ba tare da na yi shawara da kowa ba. Ma'aikaciyar da ke wurin ta soki yatsansa, gwajin maleriya ya nuna babu. Ta duba ido, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya yi ƙara, ta ce wannan ya fi ƙarfin wurinsu, mu je babban asibiti. Ta tambaye ni katin rigakafinsa, na ce yana gida. Ku riƙe wannan, domin sau uku aka tambaye ni katin nan a wurare uku daban.

A babban asibiti mun isa ƙarfe takwas saura. Sai ka fara yankar kati, naira ɗari biyar, sannan a auna nauyin yaro da zafin jikinsa, sannan ka bi layin benci. Ba mu ga likita ba sai wajen sha ɗaya da rabi, Auta na kwance a cinyata yana ta zufa. Likita ya rubuta gwaje-gwaje a takarda ɗaya: yawan jini, rukunin jini na sikila, ciwon hanta nau'in B da C, da kuma gwajin aikin hanta. Kowanne sai ka je taga ka biya, a ba ka rasit, ka kai rasit ɗakin gwaji, sannan a ɗebi jini. Duka sun tashi kusan naira dubu goma sha huɗu. Na B da C ba su ɗauki rabin awa ba. Wanda ya miƙo mini takardar ya ce, "Ka gode Allah, ba ya da ciwon hanta." Na ji sanyi har cikin raina, na kira gida na faɗa. Wannan jumla ita ce ta fi komai ruɗa ni a tafiyar nan, saboda ba gaskiya ba ce. Abin da takardar ta nuna shi ne ba ya da nau'in B da C kawai, waɗanda ake ɗauka ta jini, ko daga uwa zuwa jariri, ko ta aska da allurar da wani ya yi amfani da ita. Akwai wasu nau'i biyu, A da E, da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abincin da bahayan mai cutar ya taɓa, kuma ɗan tsinken gwajin da ake yi nan take bai ganin su.

Gwajin aikin hanta sai washegari ya fito. Likita ya sa biro a kan wani layi mai suna ALT, ya ce a lafiyayyen mutum ba ya wuce arba'in ko kusa da haka, na Auta ya haura dubu biyu. Ya ce hanta ce ta kumbura, kuma yana zaton nau'in A ne, tunda yaro ne kuma an yi ambaliya. Ya ce babu maganin da ke kashe wannan ƙwayar cuta, jiki ne ke korar ta da kansa, kuma yawancin yara suna warkewa a gida da hutu da ruwa da abinci. Ya ce a daina duk wani magani, na kemis da na gargajiya. Ya kuma lissafa wasu alamu da sauri ya ce in an gan su a dawo. Akwai mutane sun fi talatin a bayana, ni kuma kunnena ya tsaya a kan "ku koma gida". Ban tambaye shi ya maimaita ba, ban rubuta ba. A gida na faɗa cewa likita ya hana jiƙo, aka ce to, amma ina makaranta da rana, kuma daga baya na san ba a daina ba.

Kwana uku bayan haka Auta ya fara barcin rana mai nauyi. Muka yi murna, muka ce sauƙi ne ya zo tunda ya daina kuka da ciki. Da dare kuwa sai ya farka ya yi ta fizge-fizge yana surutai marasa kan gado. Yaro mai sanyin hali ya ciji yayarsa a hannu don ta kawo masa kunu. Wasu a gidan suka fara maganar iska, aka kawo rubutu da hayaƙi. Dare na biyu, wajen ƙarfe uku, uwarsa ta haska fitilar waya a fuskarsa ta kira sunansa, ya buɗe ido ya dube ta ya ce, "Ke wace ce?" A gefen bakinsa akwai jini da ya bushe, na ɗaga leɓensa na ga dasashinsa na tsattsafo da jini ba tare da ya buge ko'ina ba. Ban jira asuba ba. Inna da kanta ta ɗauko mayafinta ta ce, "Ku tahi da shi, Allah shi tsare."

Likitan dare a babban asibitinmu ya soki yatsansa ya auna suga, ya ga ya faɗi ƙasa sosai. Nan take aka sa masa ruwan suga ta jijiya, kuma cikin mintuna yaron ya ɗan dawo hayyacinsa har ya nemi ruwa. Wannan ita ce allurar da muka yi kwana da kwanaki muna gudu. Likitan ya ce hantar ta fara gazawa, kuma gwajin da ake buƙata da irin kulawar da yake so sai Birnin Kebbi. Ya rubuta takardar turawa. Kada ku bar asibiti ba tare da wannan takarda ba ko da kuna sauri, kuma ku haɗa da duk sakamakon gwajin da aka yi a baya. Mun ɗauki shatar mota naira dubu ashirin da biyar, ledar ƙarin ruwa na rataye a ƙugiyar ƙofa, uwarsa na riƙe da hannun da aka sa wa allura don kada ta goce. Tafiyar kusan awa guda ce.

A Birnin Kebbi, ba layin marasa lafiya na yau da kullum ake bi ba in yaro na cikin wannan hali. Na ɓata kusan minti ashirin a can kafin wani mai shara ya nuna mini sashen gaggawa na yara. Ana ganin takardar turawa aka karɓe shi aka kwantar, ni kuma aka tura ni buɗe fayil. Ranar farko ita ce ta gudu: taga ta biyan kuɗi, ɗakin magani, ɗakin gwaji, a dawo, a sake ba ka wata takarda. Ku zo mutum biyu aƙalla, ɗaya ya zauna da yaro ɗaya ya yi zirga-zirga, kuma ku zo da tsabar kuɗi a hannu don wani lokaci na'urar cirar kuɗi ba ta samun sabis. Na ajiye rasit duka a ledar burodi, kuma sun yi mini rana lokacin sallama. Wata mata a gadon kusa da mu tana da katin inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, na ga akwai abubuwan da ba ta biya ba. Ni ban taɓa bin kan rajistar iyalina ba sai bayan wannan jinya.

Likitar yara da ta karɓe mu ta yi mini tambayoyi kamar na kotu. Yaushe ido ya rine, wane ruwa muke sha, akwai wani mai shawara a gidan ko a unguwa, an taɓa ƙara masa jini, an yi masa kaciya ko sakiya kwanan nan, wane magani ya sha. Da ta zo kan na gargajiya na yi shiru. Ta ce, "Baban yaro, ba faɗa zan yi maka ba, aiki nake so in yi da gaskiyar da za ka gaya mini." Sai na faɗa mata komai, na kuma sa ƙanena ya kawo kwalaben kemis da ragowar saiwar. Ta jera kwalaben a kan tebur ta nuna mini sunan farasitamol a jikin biyu daga ciki. Ta ce farasitamol magani ne mai kyau in an bi awo, amma hanta ce ke sarrafa shi, kuma hantar da ƙwayar cuta ta riga ta kumbura, a jikin yaron da ya kwana biyar bai ci ba, ba ta iya ɗaukar abin da lafiyayya ke ɗauka. Jiƙo ma ta hanta yake bi. Ba ta ce su ne suka jawo komai ba, ta ce nau'in A kan kayar da hanta shi kaɗai a wasu yara ƙalilan, amma mun ɗora wa jakin da ya gurgunce kaya.

Ita ce ta fara bayyana mini aikin hanta yadda na gane. Hanta ce ke ajiye suga ta riƙa sakin shi tsakanin abinci da abinci, shi ya sa sugansa ya faɗi. Ita ke ƙera sinadaran da ke sa jini ya daskare, shi ya sa dasashinsa ke zub da jini. Ita ke tace gubar da ke tasowa daga hanji, in ta kasa sai gubar ta hau kai, yaro ya juya dare ya zama rana, ya canza hali, ya daina gane mutane, in abin ya yi nisa ya suma. Abin da muka kira iska ke nan. Ita kuma ke fitar da launin da ke fitowa daga tsofaffin ƙwayoyin jini ta maɗaciya zuwa hanji, in hanyar ta cushe sai launin ya koma ido da fata da fitsari, kashi kuma ya rasa launinsa. Ta ce rinewar ido ita ce ke tsorata iyaye, amma su likitoci ba ita suka fi kallo ba. Suna kallon hankalin yaro, da suga, da wani gwaji mai suna INR da ke auna saurin daskarewar jini. A lafiyayye yana wajen 1. In ya kai 1.5 ga kuma ruɗewa, hanta ta gaza. Na Auta ranar farko 2.6 ne.

Aka yi masa allurar bitamin K kwana uku a jere, aka bar ruwan suga yana tafiya dare da rana, nas na zuwa tana sokin yatsansa kusan kowace awa huɗu har yatsun suka yi tabo-tabo. Aka ba shi wani magani mai zaƙi kamar zuma, laktulos, da ke sa shi bahaya sau biyu ko uku a rana don gubar hanji ta fita. Uwarsa ta tsorata da ta ga gudawa, sai aka ce mata da gangan ne. Aka hana duk wani maganin barci ko na tsayar da amai sai da izinin likita, ko da zai kwana yana fizge-fizge. An ce mu tanadi masu ba da jini ko za a buƙaci ruwan jini in zubar ta ƙaru. Ƙanena da wani malami abokin aikina suka zo aka gwada su, suka ba da leda biyu aka ajiye. Hoton ciki, naira dubu shida, ya nuna hanta ta kumbura, bangon maɗaciya ya yi kauri, ga ɗan ruwa ya taru a ciki. Gwajin tabbatar da nau'in A kuwa ba a yi shi a cikin asibitin ba a lokacin. Aka ɗebi jini aka ba ni a ƙaramar kwalba, na kai wani ɗakin gwaji na kuɗi a cikin gari, naira dubu goma sha takwas, suka ce kwana huɗu. Ku tabbatar takardar ta ce IgM, domin shi ne ke nuna cutar ta yanzu. Akwai wani mai kama da shi da ke nuna mutum ya taɓa yi tun da can, kuma yawancinmu da muka tashi a karkara mun taɓa yi tun muna ƙanana ba mu sani ba.

Rana ta biyu wani jami'in sa ido kan cututtuka ya zo da fom, ya ce duk mai zazzaɓi da shawara sai an ɗauki jininsa a bincika ko zazzaɓin shawara ne na cizon sauro, wanda ya ɓulla a Kebbi da Zamfara a 2017 da 2018. Wannan ba a biyan ko sisi. Shi ne na uku da ya nemi katin rigakafi, don ya ga ko an yi wa Auta rigakafin zazzaɓin shawara da ake yi a wata tara. An yi masa. Da na duba katin na ga har da rigakafin ciwon hanta a ciki, sai na tambaya yadda aka yi ya kamu. Aka ce wancan na nau'in B ne, wanda ake yi ranar haihuwa sannan a cikin allurar sati 6 da 10 da 14. Nau'in A yana da tasa rigakafin, amma ba ta cikin jerin da ake yi wa yara kyauta a Najeriya.

Dare na uku shi ne mafi tsawo a rayuwata. Auta ba ya amsa kira sai an girgiza shi. Na tambayi likitan dare, in hantar ba ta farfaɗo ba fa? Ya yi shiru kaɗan, ya ce abin da ake yi a irin wannan hali shi ne dashen hanta, kuma wannan ba abu ne da ke kusa da mu ba, amma hantar yaro tana da ƙarfin sake gina kanta in aka riƙe shi da rai ta samu lokaci. Na fita baranda na yi alwala na tsaya salla, ban san raka'a nawa na yi ba. Da safe aka ce ALT ya sauko, na yi farin ciki, likita ta ce in dakata, saukarsa kaɗai ba albishir ba ne, don yakan sauka kuma in ƙwayoyin hantar sun ƙare. Ba a murna sai in INR ya sauko tare da shi. Rana ta huɗu ya dawo 2.1, ta biyar 1.7. A ranar ta biyar da la'asar Auta ya buɗe ido ya dubi uwarsa ya ce, "Inna, ƙosai nike so." Ta fashe da kuka har matan ɗakin suka taso suna ba ta haƙuri, sun ɗauka wani abu ne ya faru.

Sakamakon ɗakin gwaji ya dawo ya tabbatar nau'in A ne. Kafin ya dawo likita ta tambaya ko akwai mai ciki a gidanmu, na ce matar ƙanena na da cikin wata bakwai kuma randa ɗaya muke sha. Ta ce a kai ta awo a faɗa musu abin da ke gidan, a kuma fara tafasa mata ruwa daga ranar, saboda in nau'in E ne, shi yara bai cika yi musu tsanani ba amma yana kashe mata masu ciki a watannin ƙarshe, har kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar na waɗanda suka kamu. Ta ce shi ne ya ɓarke a Diffa ta Nijar da Ngala ta Borno a 2017. Ta kuma ce nau'in A yakan yi sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, a jiki kafin ya nuna, abin da ya yi daidai da lokacin ambaliyarmu. Yara 'yan ƙasa da shekara shida yawanci ba sa ma yin shawara in sun kamu, kusan ɗaya cikin goma ne idonsa ke rinewa, amma suna zubar da ƙwayar a bahaya, kuma mai cutar ya fi yaɗa ta tun kafin idonsa ya canza.

An sallame mu rana ta goma sha ɗaya. Sallama ma aiki ce: likita ya rubuta, a kai fayil wurin lissafi, a cire abin da ka riga ka biya, ka cika saura, a ba ka takardar fita ta mai gadi da katin ranar dawowa. Ta cinye mana daga safe har azahar. Duka jinyar, da mota da abincin masu jinya, ta haura naira dubu ɗari biyu, na sayar da buhunan shinkafar da ruwa ya bar mana. Idon Auta har lokacin da sauran ɗorawa, aka ce zai ɗauki makonni. Ba a hana shi nama ko wake ba, an ce ya ci abin da ransa ke so kaɗan-kaɗan, a rage soye-soye in suna tayar masa da zuciya, kuma kada a ba shi ko da ƙwaya ɗaya ta magani sai an tambaya. Sati biyu da dawowa gida sai ƙaiƙayi ya taso masa, yana susa da dare har ya yi wa ƙafafunsa rauni. Muka koma kafin ranarmu. Aka gwada, INR lafiya lau, aka ce ruwan maɗaciya ne bai gama samun hanya ba, kuma yana faruwa bayan nau'in A, wani ma shawarar kan lafa ta sake dawowa kafin ta tafi gaba ɗaya. Aka ba shi magani, aka ce a yanke masa farce.

In da zan koma ranar da idonsa ya fara rinewa, ga abin da zan yi. Zan kai shi a gwada a ranar, ba zan tsaya kan cewa ba ya da B da C ba, zan nemi gwajin aikin hanta. Zan kwashe duk kwalaben da ke ɗaki in ɓoye, in kuma zauna da Inna in yi mata bayani da ladabi maimakon in bar saƙo in tafi aiki. Zan roƙi likita ya maimaita alamun haɗari in rubuta su a bayan kati: barcin da ya wuce kima ko juya dare da rana, canjin hali, rashin gane mutane, amai da ba ya tsayawa, haɓo ko jinin dasashi ko baƙin kashi, kumburin ciki. Ko ɗaya aka gani, ba a jiran gari ya waye. Maganar allura kuwa, ina ganin na fahimci inda ta samo asali. Mutane kan riƙe mai shawara a gida sai hanta ta gama gazawa, a kai shi asibiti a makare, a yi masa allura ya cika, sai a ce allura ce. Ni na ga hannun ɗana da idona lokacin da ruwan suga ya shiga ya dawo da shi.

A gida mun ɗaga bakin rijiya da bulo uku muka yi mata murfi. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe komai, don haka ruwan sha yanzu sai ya tafasa, ko a ɗiga masa maganin kulorin a bar shi rabin awa. Randar sha ta samu moɗa mai dogon hannu da ba a ajiyewa a ƙasa, an kuma rataye buta da sabulu a ƙofar masai. Fo ɗin ƙananan yara cikin masai ake juye shi, ba bayan katanga ba kamar da. A makarantarmu na roƙi shugaba muka sa bokiti mai famfo a bakin aji, don a zangon nan yara biyu a ajina sun yi shawara, na je gidajensu da kaina na faɗa wa iyayen abin da za su riƙa dubawa.

Matar ƙanena ta sauka lafiya a watan Disamba. Mun koma Birnin Kebbi sau uku, bayan sati biyu, bayan wata ɗaya, sannan bayan wata uku. A zuwan ƙarshe likita ta duba takarda, ALT ya dawo 31, ta ɗaga fatar idon Auta a bakin taga ta ga fari tas. Ta ce nau'in A ba ya zama a jiki kamar B, kuma wanda ya yi shi sau ɗaya ba ya sake yi. Ta rufe fayil ɗin ta ce ba sai mun dawo ba. Muka fito, na saya masa ƙosai a bakin ƙofar asibiti, ya cinye kafin mu kai tasha.